Kyamarar tsaro a gida: Wa ke riƙe da makullin?

Shekaru goma da suka wuce, kyamarar tsaro sai a banki, ko gidan mai, ko ƙofar wani babban ɗan siyasa. Yau a Kano da Kaduna da Gusau, mai shagon kayan masarufi ma ya rataya tasa, magidanci kuma ya kafa ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida, yana kasuwa ko yana Umara yana kallon iyalinsa ta waya. Ba mai ganin laifinsu. Garkuwa da mutane da fashi da satar yara sun sa kowa neman abin da zai kwantar masa da hankali, ga shi kuma kuɗin na'urorin ya sauko tun da kayan China suka cika kasuwa.

A majalisun hira ra'ayi ya kasu. Wasu na cewa ɓarawo na ganin kyamara yake canza hanya. Wasu na cewa hoton mutum da takunkumi a fuska ba ya dawo da babur ɗin da aka sace. Duka biyun da ƙamshin gaskiya. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, kuma ita ce ta fi damun mu: bayan maigida, wane ne kuma yake ganin abin da kyamarar ke gani?

A duba yadda ake saka ta. Mai aikin zai zo da tsaninsa, ya ja wayoyi, ya karɓi wayar maigida ya sauke masa manhaja. Sau da yawa shi zai buɗe asusun, wani lokaci da adireshinsa na imel ko lambar wayarsa, shi zai zaɓi kalmar sirri, ko ya bar wadda kamfani ya sa, irin su admin da 12345. Maigida ya ga hoton ƙofarsa ya fito tar a waya, ya yi godiya, ya biya. Bai san cewa mai aikin zai iya kallon gidan daga ko'ina ba, haka yaron shagonsa, haka duk wanda wayar mai aikin ta faɗa hannunsa. Akasarin masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu neman halal. Sai dai ba mai barin makullin ɗakin matarsa a hannun kafinta don kawai kafintan mutumin kirki ne.

Ana yawan ɗora laifin a kan mai saye, a ce sakaci ne. Ba mu yarda da hakan gaba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar irin waɗannan kyamarori masu araha ya san halin da ake ciki. Turancin da ke ciki fassarar inji ce, ko mai digiri sai ya tsaya ya yi tunani. Wurin canza kalmar sirri yana can ƙarƙashin shafi uku ko huɗu, wurin sayen ƙarin ma'aji kuwa yana gaba-gaba da manyan haruffa. Mutum na tsoron ya taɓa wani abu hoton ya ɗauke, sai ya sake biyan mai gyara. Don haka sai ya bar ta yadda aka saka. Manhajar da ta sa mai amfani da ita jin tsoron taɓa ta, maƙerinta ne ya gaza.

Abin da hakan ke haifarwa an riga an gan shi a wasu ƙasashe. A shekarar 2014 aka gano wani shafi mai suna Insecam yana nuna hotunan kyamarori sama da 70,000 kai tsaye daga sassan duniya, har da ɗakunan kwana, ba don an yi wani kutse mai wuya ba, illa masu su ba su canza kalmar sirrin kamfani ba. A watan Oktoban 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 da aka saba bari, aka yi amfani da su aka kai wa kamfanin Dyn hari, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da dama a Amurka. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2023 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta zargi Ring, mallakin Amazon, da barin wani ma'aikacinsa ya kalli dubban bidiyon mata a ɗakunan kwana da banɗakuna, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8.

A ƙasar Hausa al'amarin ya fi haka nauyi. Gidanmu an gina shi ne a kan sirri. Zaure shi ne iyakar baƙo, katanga doguwa ce, wani gidan ma an rubuta "ba shiga" a ƙofa. Tsakar gida nan ne mace ke ajiye mayafinta, nan ake wa yara wanka, nan ake kitso. Addini ya hana leƙen asirin mutane, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Kyamarar da aka kafa a tsakar gida aka bar ta da kalmar sirrin kamfani taga ce aka fasa a wannan katanga, kuma maigida da kansa ya biya kuɗin fasa ta. Matan gidan, waɗanda su ne za a fi ɗauka, da wuya a nemi shawararsu.

Ga kuma maƙwabci. Tsakar gidajenmu ba su da rufi, kyamarar da aka ɗora a saman bene tana iya hango girkin gida uku. A 2021 wata kotu a Oxford ta Ingila ta yanke hukuncin cewa wani mutum ya keta haƙƙin maƙwabciyarsa da kyamarorinsa, musamman saboda suna naɗar magana daga nesa. A nan ma sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki. Bai kamata a jira sai rigima ta kai gaban mai unguwa ba kafin hukumar ta fito da bayani cikin harsunan da mutane ke ji.

Batun wuta da kulawa kuwa, gwamnati ta riga ta ba mu darasi. Kwangilar dala miliyan 470 da aka ba kamfanin ZTE a 2010, wadda ta haɗa da kafa kyamarori a Abuja da Legas, ta ƙare da sanduna a tsaye da binciken Majalisar Wakilai. Na gida ma in ba batir ko sola, ana ɗauke wuta ta makance, a daidai lokacin da ɓarawo ya fi so.

Tun ranar 29 ga Afrilun 2024, Birtaniya ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta gama-gari. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki za su iya gindaya wannan sharaɗi ga masu shigo da kaya, ba sai an kashe wasu maƙudan kuɗi ba. 'Yan kasuwar da ke odar su kuma su nemi a haɗo da takardar bayani da Hausa, ko su sa matasanmu masu ilimin kwamfuta su naɗi gajeren bidiyo da za a riƙa tura wa mai saye.

Kafin nan, magidanci kada ya sallami mai aiki sai asusun ya koma kan lambarsa, ya canza kalmar sirri da hannunsa, ya duba jerin wayoyin da aka ba izinin kallo ya goge waɗanda bai sani ba. Kyamarar ta kalli ƙofa da zaure da wurin ajiye mota. Ta tsakar gida kuwa, a fara tambayar uwargida.