Ko horar da ma'aikata asara ce ga masu sana'a?

A ƙananan hukumomin Makarfi, Ikara da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna, noman rake da tumatir na daga cikin manyan abubuwan da jama'a suka dogara da su. Sai dai a garuruwa irin su Gubuchi, ba kasafai mai gona ko mai injin matse rake kan kashe kuɗi wajen koya wa yaransa aiki ba.

Hujjar da akan bayar ita ce, da zarar yaro ya ƙware, sai ya koma wurin wanda ya fi biya, ko ya kafa nasa.

To amma akwai asarar da ba a cika lissafawa ba. Wanda bai san lokacin sauke ruwan rake daga wuta ba, zai iya ƙona mazarƙwailar yini guda. Wanda bai iya auna maganin feshi ba, ko dai ya ƙona shuka ko ya ɓarnatar da maganin, kuma aljihun maigida ne ke ɗaukar nauyin.

A shekarar 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira Sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tsutsar kan shige cikin ganye ta yi ta ci, don haka ma'aikacin da aka koya wa gane alamunta da wuri ya fi buhunan magani amfani. Illar ba ta tsayawa a gona, domin masana'antu irin ta sarrafa tumatir da aka kafa a Ikara a 1981 sun dogara ne da abin da manoma suka kawo.

Gwamnatin Nijeriya ta daɗe da fahimtar wannan matsala. A 1971 ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedkwata a Jos. Kamfanoni na zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa na iya karɓo har rabin kuɗin. Tun daga 2023, masu ma'aikata 25 zuwa sama ne dokar ta fi shafa, abin da ke nufin galibin masu sana'a a karkara ba sa cikin tsarin.

Ke nan ya rage nasu su nemi ilimin da kansu, kuma ba shi da nisa: cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai kula da aikin malaman gona, tana nan Samaru, Zariya.

Gaskiya ne yaron da ya ƙware zai iya tafiya. Amma wanda bai iya ba ya zauna, kullum maigida ne zai riƙa biyan kuɗin kurakuransa.