Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Lauyoyi Masu Rubuta Yarjejeniyoyin Mai da Iskar Gas

Wannan wasiƙa jan hankali ce ga lauyoyin Kankiya da Kusada da kewaye, musamman matasan cikinsu, waɗanda harkar mai ta fara iskowa ta hanyar hayar filayen gidajen mai a titin Kano zuwa Katsina, kuma za ta ƙaru idan aka kammala bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ƙimar yarjejeniya tana bayyana ne ranar da ɗaya daga cikin ɓangarorin ya gaza cika alkawari, don haka a kan wannan rana ya kamata mai rubutu ya fi tsayawa.

Shari'ar kamfanin P&ID ta isa darasi. A 2010 Ma'aikatar Albarkatun Mai ta yi alkawarin ba kamfanin ɗanyen gas na tsawon shekara 20, shi kuma ya gina masana'antar tace shi a Kalaba, amma gas bai zo ba, masana'anta ma ba a gina ba. Kwamitin sasanci, wato alƙalan da ɓangarori suka amince su raba musu gardama a wajen kotu, ya yanke a 2017 cewa Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin da ruwa ya kai da shi sama da biliyan 11, kafin wata babbar kotu a Landan ta gano a watan Oktoban 2023 cewa an samu hukuncin ta hanyar zamba. Saboda haka lauya ya tabbata wanda yake wakilta yana da ikon samar da abin da ya yi alkawari, ya sanya iyaka ga diyyar da za a iya nema, ya kuma fayyace dokar da za ta yi aiki da garin da za a zauna sasanci.

Sharaɗin uzuri, wanda ke ɗauke wa ɓangare alhaki idan abin da ya fi ƙarfinsa ya auku, yana bukatar a jero abubuwan da ya ƙunsa dalla-dalla, kamar rufe iyaka da rashin tsaro da sauyin doka, domin a 2024 saɓani tsakanin Nijar da Benin ya tsayar da lodin man Agadem na Nijar na ɗan lokaci, alhali an riga an shimfiɗa bututun da ke kai shi Benin. Haka nan sharaɗin ɗauka ko biya, wanda ke tilasta wa mai saye biyan kuɗin wani adadin gas ko da bai ɗauka ba, bai dace a karɓe shi ba sai an auna shi da ainihin bukatar mai sayen.

A matakin ƙauye, batun fili ne ke kayar da yawancin yarjejeniyoyi. Gonar gado da babban wa ya sa wa hannu shi kaɗai, ba tare da sauran magada ba, har da mata, takarda ce da ke jiran ƙara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a miƙa filin da ke da takardar mallaka, kuma diyyar da ta tanada ta shuka ce da itatuwa da gine-gine, don haka sai a ƙirga kowace bishiyar ɗorawa da kuka a gaban mai unguwa, a rubuta adadinsu. Lasisin gidan mai kuwa yana hannun hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Mai ta 2021 ta kafa, kuma ya kyautu a ɗaure fara biyan haya da samunsa.

Daga ƙarshe, wajibi ne a karanta wa manomi takardar da Hausa kafin ya dangwala yatsa, a kuma ba shi kwafinta, domin tun ran gini tun ran zane.

Wassalam.