Ƙugiyar Harafi Bashi Ce, Ba Alfarma Ba

Kafin a saki sabuwar manhajar rubutu ga jama'a, masu ƙera ta kan fitar da zubin gwaji, wanda ake kira beta, su roƙi masu amfani da shi su aiko da saƙo iri biyu. Na farko rahoton tangarɗa ne, wato abin da aka ce zai yi aiki amma ya ƙi. Na biyu buƙatar ƙari ce, wato abin da babu shi ake sha'awar a samar. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Tangarɗa bashi ce da ake ƙoƙarin biya kafin ranar saki. Ƙari kuwa sai an samu sarari, sararin kuma kan ci shekaru bai zo ba. Don haka layin da aka jefa matsalar Hausa a cikinsa shi ke yanke ko za a gyara ta. Matsalar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a layin farko ya kamata ta tsaya, kuma masu rubutu da Hausa ne kaɗai za su iya tsayar da ita a can.

Hujjar ba ta da wuyar kafawa. Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta, ya ƙunshe su tun farkon shekarun 1990. Manhajar da ta ce tana bin wannan tsari, sannan ta nuna akwati a gurbin ƙ, ta saɓa alkawarinta ne.

Akwatin ma shi ne mafi sauƙi, tunda ido na ganinsa. Akwai masu ɓuya. Wata manhajar idan ta jera sunaye bisa abacada sai ta tura Ƙasimu da Ɗahiru can bayan Zubairu, domin lambobin haruffansu sun fi na z girma. Wata kan ɗauki alamar hamza a matsayin ƙarshen kalma, ta raba "sa'a" gida biyu, ko ta juya alamar da ke farkon "'yan" ta mai da ita buɗin zance. Wata kuma gyaran da take yi da kanta ne ke cire ƙugiyar. A nan ma'ana ke rushewa: hakimin da ya shiga fada sai ya zama wanda ba a san ko faɗa ya shiga ba, kuma baki da baƙi su zama abu guda. Akawun da ke shirya jerin sunayen ma'aikata a Bodinga, da malamin da ke buga tambayoyin jarrabawar Hausa a Shagari, su ke biyan kuɗin wannan da lokacinsu. Galibi ba sa kai ƙara. Sai su buga k a wurin ƙ su wuce, injiniyan da ke wata nahiya kuma ya ɗauka lafiya lau, domin kuskuren da ba a rubuta ba a wurinsa bai faru ba.

Wannan shiru baƙo ne a yankin. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa da wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Littattafan wannan zamani da hannu aka yaɗa su, kuma masu kwafe suna da tsarin kama kuskure: a gwada kwafi da asali, a sa alama daidai inda kalma ta faɗi, a rubuta ta a gefen shafi. Ba a cewa littafin ya ɓaci a yi shiru. Ana nuna layin. Shehu Shagari ma, tun yana malamin makaranta, kafin shugabancin ƙasa na 1979 zuwa 1983, ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da labarin ƙasa da Hausa. Mutanen da suka gaji ɗaukar harshensu a matsayin kayan aiki ba su da dalilin jin kunyar neman a gyara musu alƙalami.

Rahoto mai amfani kamar gyaran gefen shafin yake. "Manhajarku ba ta son Hausa" ƙorafi ne, ba wanda zai iya aiki da shi. Abin da injiniya ke buƙata huɗu ne: lambar zubin da irin na'urar, matakan da aka bi ɗaya bayan ɗaya, abin da aka sa ran gani, da abin da ya bayyana. A haɗa da hoton allo, a manna kalmar kanta yadda zai kwafa ya gwada, a ambaci lambar harafin, misali U+0199 ta ƙ. Wanda bai taɓa jin Hausa ba zai iya maimaita kuskuren a teburinsa, kuma abin da aka iya maimaitawa shi ake gyarawa. Matsala ɗaya, rahoto ɗaya.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da maganganu biyu. Ta farko, mai karatu yana gane manufa daga jimla ko babu ƙugiya. Gaskiya ne ga ɗan harshe a hira, amma injin bincike ba ya zato, yaron firamare kuma abin da ya gani shi yake koya. Ta biyu, yawancin irin waɗannan manhajoji mutane ƙalilan ke ƙera su, wasu ma aikin sa-kai suke yi. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa lokacin gwaji ke da daraja: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gyaran da ke da arha yau zai yi tsada bayan dubban takardu sun dogara da kuskuren.

Adalci kuma ya ce a san abin da ƙari ne da gaske. Ƙamusun duba rubutu da ba zai ja wa "shina" da "hwari" na Sakkwatanci jan layi ba, aiki ne sabo. Haka ma cikakken tallafin ajami, wanda ke tafiya daga dama zuwa hagu, wanda kuma sai a 2016 Unicode ya shigar da siffofin fa'un, ƙaf da nun na rubutun Warshu. Waɗannan a roƙe su da lalama, a kuma miƙa hannu: jerin kalmomi, samfurin rubutu, lokacin gwadawa. Wanda ya cakuɗa roƙo da bashi yakan rasa duka biyun. Wanda ya bambance su, ya tura rahoto guda mai tsabta a kan harafi guda, ya yi wa duk mai buga Hausa bayansa hidima.