Kwamfutar da ba ta san "a'a" ba, ba ta iya lissafi ba

Ƴan uwa ƴan kasuwa, iyayenmu mata, da yawa daga cikinku kuna biya wa yaranku kuɗin koyon kwamfuta, da fatan gobe su riƙe muku lissafin shago. Wannan dabara ce mai kyau. Amma akwai abin da ya kamata ku bincika kafin ku saki littafinku na bashi.

Wata gwaggona mai saida hatsi a Maradi, ɗanta ya rubuta mata ƴar manhaja ta lissafin ciniki. Ran nan ta saida gero tiya 40, ta ce wa ƙanwarsa ta shigar da farashi, ɗari da hamsin. Kowa a nan ya san dala ake nufi, wato sefa 750. Yarinya ta buga 150, na'ura ta karɓa ba musu. Da marece lissafi ya nuna jika 6, alhali jika 30 ne. Da ta ga gero ya tafi kuɗin bai kai ba, sai zargi ya faɗa kan yaron da ke yi mata awo, har ta kusa sallamar shi. Da aka ƙirga kuɗin cikin kwano ne gaskiya ta fito.

A ganina laifin na manhajar ne. Masu wannan sana'a suna rarraba aiki ƙanana-ƙanana, kowane guntu suna ce masa fonksiyon. Kamar yaron shago ne mai aiki guda: ka ba shi yawan tiya da farashi, ya maido maka jimilla. Rubuta wannan ba ya cin layi uku, ɗan koyo na sati ɗaya zai iya. Inda gwani ke bambanta shi ne ya koya wa guntun nan duba abin da aka miƙo masa. Lamba ce ko harafi? An bar wurin farashi wayam? Dala ce, sefa ce, ko naira ta cinikin Jibiya? Tiyar gero a sefa 150 ta yi kama da gaskiya? Lambar salula ta cika 8 kamar yadda take a Nijar? In abu bai yi daidai ba, ya tsaya ya tambaya cikin harshen da mai shago ke ji.

Ko ɗigo ma yana iya ja muku asara. Mu nan mukan rubuta 1.500 muna nufin jika ɗaya da rabi, amma harshen kwamfuta irin su Python yana karanta shi sefa ɗaya da rabi.

Kada a ce wannan matsalar ƙananan yara ce. A shekarar 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi hasarar kumbon da ta aika duniyar Mas, domin wani rukunin injiniyoyi ya ba da lambobi da awon fam na Ingilishi, wani rukunin ya ɗauke su a awon mita da kilo. Dala da sefa ke nan, sai dai a sararin samaniya.

Wasu za su ce yawan tambaya yana ɓata lokaci ranar kasuwa. Haka ne, amma wace ce a cikinku ke karɓar takardar jika 10 ba ta ɗaga ta ta duba ba?

Saboda haka kada ku yi cinikin biri a sama. Duk wanda ya kawo muku manhaja, ɗanku ne ko na haya, ku gwada ta da gangan: ku buga suna a wurin kuɗi, ku bar wuri wayam, ku ƙara sifiri biyu. In ta haɗiye duka ba ta ce uffan ba, ku maida masa ya gyara. Malaman da ke karɓar kuɗinku su ma ku tambaye su ko suna koyar da wannan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.