Ido Wa Ka Raina: Resident Evil Na Biyu da Tsoron da Ya Zubar a Hanya

Akwai wani hukunci da masu sharhi kan wasannin bidiyo suka daɗe suna nanatawa har ya zama kamar ba ya buƙatar hujja, wai Resident Evil 2, wanda kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar a watan Janairun 1998, ya fi yayansa na 1996 ta kowace fuska. Idan aka nemi dalili sai a ce ya fi girma, ya fi kyan hoto, ya fi yawan dodanni da makamai, kuma ya fi samun kasuwa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai hukuncin da aka gina a kai gurgu ne, domin an auna wasan tsoro da mudun da ba nasa ba. Abin da ya kamata a tambaya game da aikin da aka ƙirƙira don ya tsorata mutum shi ne ko ya tsorata shi, kuma a wannan ma'auni na biyun ya kasa na farkon.

Wani malamin makaranta zai iya cewa wannan gardama ce ta ƴan yara, ba ta cancanci shafin mujalla ba. Amma yaran da ke cika ɗakunan wasan PlayStation bayan an tashi daga makaranta a can suke koyon yanke wa aikin fasaha hukunci, tun kafin a miƙa musu littafin adabi. Idan darasin da suka ɗauko shi ne cewa abin da ya fi yawa shi ya fi kyau, da wannan ido za su dubi fim da waƙa da ƙagaggen labari. Saboda haka maganar ta shafi malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, ko da ba su taɓa riƙa abin sarrafa wasan ba.

Gida ɗaya a tsakiyar daji

Wasan farko ya fito a watan Maris na 1996 ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami, da sunan Biohazard a Japan. Ya gaji wani tsohon wasan Capcom na 1989 mai suna Sweet Home, ya kuma ɗauki darasi daga Alone in the Dark na 1992, aikin Bafaranshe Frédérick Raynal. Labarin gajere ne. Wata rundunar ƴan sanda ta musamman ta fita binciken kashe-kashe a dajin da ke bayan birnin Raccoon, karnuka suka kora su cikin wani katafaren gida, sa'an nan suka gano cewa kamfanin haɗa magunguna na Umbrella yana gwajin wata ƙwayar cuta a wurin, wadda ke mayar da mutum gawa mai tafiya tana cin naman ƴan'uwanta.

Ƙarfin wasan yana cikin rowarsa. Wanda ya zaɓi Chris Redfield kaya shida kawai zai iya ɗauka, wanda ya zaɓi Jill Valentine kuwa takwas. Bindiga na cin gurbi, harsashi na cin gurbi, maɓalli da ganyen magani kowanne na cin nasa. Kafin mai wasa ya bar ɗakin da yake da aminci, dole ya zauna ya yi lissafi irin na matafiyin da zai ratsa hamada: me zai ɗauka, me zai bari. Hatta ajiye inda aka kai a wasan ba kyauta ba ne, sai an sami keken rubutu, an kuma kashe zaren tawada guda, alhali zaren ƙidayayye ne. Harsasai ba su da yawan da za a yi facaka da su, don haka sau da yawa dabara ita ce a kauce wa gawa a bar ta tsaye a lungu, tare da sanin cewa za a sake biyowa ta nan.

Bugu da ƙari, kamara kafe take a kusurwar ɗaki, ba ta bin ɗan wasa. Mutum yakan ji jan ƙafa da nishi kafin ya ga mai yin su. Duk ƙofar da aka buɗe sai an nuna ta tana buɗewa sannu a hankali cikin duhu. Asalin wannan dabara ce ta ɓoye jinkirin na'ura wajen karanta faifai, amma ta zama ƴan daƙiƙoƙin fargaba da babu kamarsu. Duk wanda ya yi wasan yana tuna dogon zauren nan da ke shiru tsit, har karnuka suka fasa taga suka diro. Abin ya yi tasiri ne saboda dogon shirun da ya gabace shi. Masu ba da tatsuniya sun san wannan tun da daɗewa: Dodo ya fi ban tsoro sa'ad da ake jin muryarsa daga ƙasan ruwa ko daga bayan ƙyaure, kafin ya fito fili.

Birni a madadin gida

Adalci ya wajaba a nan. Na biyun aiki ne na ƙwararru, kuma an sha wuya kafin a haife shi. Siffarsa ta farko, wadda masoya ke kira 1.5, an yi nisa da ita ƙwarai kafin a watsar a farkon 1997, aka ɗauko marubuci Noboru Sugimura ya sake gina labarin, matashi Hideki Kamiya yana jagora, Mikami yana sa ido. Sakamakon ya zo a faifai biyu, ɗaya na Leon Kennedy, ɗan sandan da ya iso aiki ranarsa ta farko, ɗaya na Claire Redfield, ɗalibar da ta zo neman wanta Chris. Idan aka gama da ɗaya sai a sake bin labarin ta idon ɗayan, kuma wasu abubuwan da na farko ya ɗauka na biyu ba zai tarar da su ba. Labarin iyalin Birkin, masanin da ya yi wa kansa allurar ƙwayar cutar da ya ƙirƙira har ya koma farautar ƴarsa Sherry, ya fi duk abin da ke cikin wasan farko taɓa zuciya. Muryoyin ƴan wasan ma sun fi na 1996, waɗanda har yau ake yi wa dariya.

To amma a dubi yadda ya buɗe. Motar dakon mai ta yi bindiga, titi na ci da wuta, gawawwaki na tahowa ta ko'ina tun a daƙiƙar farko. A wasan 1996 sai da aka ratsa ɗakin cin abinci cikin shiru kafin a ga gawa ɗaya tak, durƙushe kan wani ɗan sanda, ta waiwayo a hankali. Wannan waiwaye guda ya fi taron titin nan duka nauyi. Masu iya magana sun tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Kafin mai wasa ya isa kwamisariyar ƴan sanda ya riga ya ga gawawwaki da yawa har sun zama cikas na hanya, abin da ake ƙirgawa a kauce masa ko a harbe.

Sa'an nan ga makamai. Leon na samun kayan ƙara wa bindigoginsa ƙarfi, Claire na da mai harba gurneti, akwai mai sarrafa kanta a ajiye a ma'adanar makamai, akwai jakar da ke ƙara gurbin kaya daga takwas zuwa goma. Wanda ya yi tattali kaɗan a farko zai isa ƙarshe da akwati cike da harsasai. Misali mafi bayyana shi ne ƙaton nan mai doguwar riga da ake kira Mr. X, wanda ke fasa bango ya fito a zagaye na biyu. Fitowarsa ta farko na razana mutum, babu musu. Amma idan aka kayar da shi sai a sami harsasai a jikinsa. Dodon da ke biyan lada ga wanda ya buge shi ya tashi daga abin gudu ya koma abin farauta.

Wurin da kansa ma ya yi rauni. Gidan 1996 na wani attajiri ne mai ɓoye-ɓoye, don haka ƙofofin sirri da maɓallai masu tambari sun dace da shi. Na biyun ya kwashe wannan tsari ya zuba a kwamisariya, inda sai an saka jajayen duwatsu a jikin gunki ko an nemo maɓalli mai alamar karta kafin a shiga wani ofishi. An kare wannan da cewa ginin tsohon gidan tarihi ne. Hujjar ta nuna cewa masu aikin sun so faɗin birni amma ba su iya rabuwa da dabarun gida ba, sai suka yi wa birnin ɗinkin da bai zauna masa ba.

Akwai hasara ta uku da ba a cika ambata ba. A wasan farko ran abokan tafiya yana hannun mai wasa. Barry Burton ko Rebecca Chambers na iya mutuwa saboda shawarar da aka yanke ko jinkirin da aka yi, kuma ana iya tserewa a bar abokin aiki kulle a kurkuku. Ƙarshen labarin na sauyawa daidai da haka. A na biyun duk wanda marubuci ya ƙaddara wa mutuwa zai mutu, wanda ya ƙaddara wa tsira zai tsira, muddin an kai ƙarshe. Labarin ya ƙaru da kyau, amma an sauke wa mai wasa nauyin amana, ya koma ɗan kallo mai riƙe da bindiga.

Hujjar kasuwa da inda ta kai

Masu kare na biyun sukan ƙare da lissafi: ya sayar da kusan kwafi miliyan 5 a PlayStation, alhali fitowar farko ta yayansa ba ta kai miliyan 3 ba. Kasuwa tana shaidar abin da mutane suka saya, ba ta shaidar abin da ya hana su barci. Kuma wani kaso na cinikin ƙane bashin sunan wa ne, domin mutane sun yi layi ne saboda abin da suka ɗanɗana a 1996.

Abin da ya biyo baya ya isa hujja. Da aka ba Kamiya aikin kashi na huɗu, abin da ya ƙera ya karkata ga faɗa da bajinta har aka cire shi daga jerin, ya fito a 2001 da sunan Devil May Cry. Resident Evil 4 na 2005 ya kawo ɗan kasuwa mai sayar da makamai, maƙiya na zubar da kuɗi idan sun faɗi. Na biyar, a 2009, ya kai labarin wani ƙagaggen yanki na Afirka mai suna Kijuju, inda Chris, wanda a da yake lissafin harsashi ɗaya-ɗaya, ya zama ƙaton soja yana ratsa unguwannin talakawa yana harbe taron baƙar fata da cuta ta kama. Tun daga hoton tallarsa na 2007 aka yi ta cece-kuce a kan wannan. Ba a buƙatar zargin kowa da mugun nufi kafin a gane yadda aka iso nan. Matuƙar aka yarda cewa kowane sabon kashi dole ya fi na baya yawan gawawwaki, wata rana sai an nemi taron jama'a da za a harba, kuma ba za a tsaya tambayar su wane ne ba. Na shida, a 2012, ya zama fim ɗin yaƙi tsantsa, masu sharhi da dama suka juya masa baya.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Mikami da kansa, da ya sake gina wasan farko a 2002, ƙara rowa ya yi: gawar da aka kayar ba a ƙone ta ba tana iya tashi daga baya da gudu da farata, ga kananzir ɗin ƙonawa ƙidayayye. A 2017 Capcom ta mayar da kashi na bakwai cikin gidan wasu iyali a jihar Luwiziyana ta Amurka, da mutum ɗaya wanda ba soja ba. A 2019 da aka sabunta na biyun, an sa gawa na shanye harsasai ba ta faɗi ba, an sa Mr. X ba ya kasuwa, sai dai a ji takunsa a saman bene a nemi mafaka, an kuma dawo da zaren tawada ga mai son wasa mai tsanani. Wato sai da aka yi wa ƙane allurar halin wansa kafin ya zama abin tsoron da ake yaba masa a yau.

Abin da ya rage ga malamai

Babu mai cewa Resident Evil 2 mummunan wasa ne. Laifin yana ga hukuncin da ya ɗauki ƙari a matsayin ci gaba ba tare da tambayar me aka bayar a madadinsa ba. Wannan cuta ba ta tsaya ga Japan ba. Duk mai bin finafinan Hausa da littattafan da ke fitowa kashi-kashi ya san yadda na biyu kan zo da ƙarin ƴan wasa da ƙarin rikici, alhali abin da ya sa aka so na ɗaya ya zube a hanya.

Malamin da ke son koya wa ɗalibai nazarin adabi yana da abin aiki a nan wanda yaran suka riga suka sani. Ya ajiye musu ayyukan biyu, ya hana su amsa da cewa wannan ya fi girma, ya tambaye su abin da kowanne ya yi niyyar sa mutum ya ji, da dabarar da ya bi, da abin da ya hana mai wasa don ya cim ma hakan. Yaron da ya gane dalilin da ya sa gurbi shida ya fi goma tayar da hankali ya kama hanyar gane dalilin da ya sa gwanin mawaƙi ke yin shiru a tsakiyar baiti, da dalilin da ya sa tsohuwa mai tatsuniya ba ta gaggawar fito da Dodo.