Wai Ƙwallon Kwando Ba Wasanmu Ba Ne?

'Yan'uwana ɗalibai, ku ba ni aron hankalinku, domin akwai wata magana da na gaji da ji a bakin manyanmu, har ma da wasu daga cikinmu. Da zarar an ambaci ƙwallon kwando, sai a taɓe baki a ce wai wasan 'yan Ikko ne da 'ya'yan masu hannu da shuni, mu namu dambe ne da kokawa da langa. Ni ɗan Bunguɗu ne, ban kuwa raina dambe ba. Amma wannan magana lalaci ne aka naɗa wa rawanin al'ada.

Mu fara da tambaya: a ina Hakeem Olajuwon ya fara shiga gasar ƙwallon kwando? A Sakkwato! Yaro ne ɗan makarantar horon malamai ta Musulmi da ke Ikko, ɗan wasan ƙwallon hannu, aka zo da su wasannin makarantun horon malamai a ƙarshen shekarun 1970, aka sa shi cikin 'yan kwando. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka. A 1983 ya kai su wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar, aka doke su da maki 54 da 52, amma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar. Da shekara ta zagayo suka sake kaiwa ƙarshe, Georgetown ta kayar da su. Haka kuma Masai Ujiri, wanda yake shugabancin Toronto Raptors sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a can ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. To in ba wasanmu ba ne, yaya aka yi ƙasarmu ta yi ta tsirar da irin da wasu ke girbewa?

Ku dubi ita gasar ta Amurka, wadda ake kira NCAA. Ba da girma ta faɗo daga sama ba. A 1939 aka fara ta da jami'o'i 8 kacal, Oregon ta ci. A 1985 suka kai 64, a 2011 suka kai 68. Sili ɗaya ƙwale ake yi, wanda aka doke sau ɗaya ya naɗe tabarmarsa, shi ya sa ƙaramar makarantar da ba wanda ya san sunanta kan kunyata babba a dare ɗaya. Ba na cewa tsarkakakkiya ce. Hukumar ta sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasannin a kan dala biliyan 10.8 a 2010, alhali yaran da ke zubar da gumin an hana su cin moriyar ko da sunansu har zuwa 2021. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Amma abu guda ba a ƙwace musu: kowace shekara, in watan Maris ya kama, ana yi. Sau ɗaya tak aka fasa, a 2020, saboda annobar korona. Kuma duk makin da aka ci tun 1939 yana nan a rubuce.

Mu fa? Muna da NUGA, wasannin jami'o'in Nijeriya, waɗanda aka fara a Ibadan a 1966, ƙwallon kwando na cikinsu. Abin ban sha'awa, shekarar ce Texas Western ta fito da baƙaƙen fata biyar a wasan ƙarshe ta doke Kentucky, ta girgiza masu wariyar launin fata. Su har fim sun yi a kan wannan dare. Mu kuwa, ina ƙalubalantar duk mai karanta wannan mujalla da ya shiga ɗakin karatu ya fito mini da jerin jami'o'in da suka ci kofin kwando na NUGA tun farko har yau. An ce duk shekara biyu za a riƙa yi, amma bayan na Makurɗi a 2017 sai da aka jira 2022 kafin a taru a Ikko. Ɗalibi ya shigo, ya ci yajin aiki, ya gama digiri, bai taɓa ganin gasar ba. Wannan biki ne, ba gasa ba. A ɗinka riguna, manya su yi jawabi, a raba alawus, a watse.

Na san abin da za a ce mini: Malam, Zamfara da ake sace ɗalibai, wa ke ta wasa? Ban manta da Jangebe a 2021 ba, ban kuma manta da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauke a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumarmu ta Bunguɗu, a watan Satumba na 2023 ba. Amma ku gaya mini, yaron da aka rufe wa makaranta, gona ta gagara, ba fili, ba ƙwallo, ina za shi da ƙarfinsa? Akwai masu jiransa a daji, su kuwa ba sa ɗage gasarsu.

Kuma abin ba tsada gare shi ba. Filin kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, bai kai rabin rabin filin ƙwallon ƙafa ba. Daɓen siminti, turaku biyu, allo biyu, zobba biyu, shi ke nan. Ya fi arha a kan ƙofar shiga da wasu shugabannin makarantu ke rushewa su sake ginawa. Dogayen samari kuwa, ka tsaya a kasuwar Tsafe ko ta Gusau ka ƙirga da idonka. 'Yan mata ma kada a ce ba su iyawa, don D'Tigress sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025.

Ba sai mun jira Abuja ba. Ga jami'a da kwalejin ilimi a Gusau, ga kwalejin kimiyya da fasaha a Ƙauran Namoda, ga jami'ar jiha a Talata Mafara. Huɗu ke nan, rabin abin da Amurkawa suka fara da shi. A sa rana cikin hunturu, a yi ta kowace shekara ko gwamna ya zo ko bai zo ba. Mu kuma 'yan Ƙungiyar Hausa, tun da alƙalami ne sana'armu, mu ware shafi guda a wannan mujalla mu riƙa rubuta wa ya ci, da maki nawa, a wane fili.