Maki kaɗai ba ya kai ɗalibi Harvard

A shekarar 2024, ɗalibai sama da 54,000 ne suka nemi gurbin karatu a jami'ar Harvard da ke Amurka, amma waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba. Dubbai daga cikin waɗanda aka mayar kuwa sakamakonsu ba shi da makusa. To, da me ake bambanta su?

Ƙarar da ƙungiyar Students for Fair Admissions ta shigar ce ta fasa ƙwai. Takardun da aka gabatar wa kotu sun nuna ana ba kowane ɗalibi maki daga 1 zuwa 6 a fannoni huɗu: karatu, ayyukan da yake yi a wajen aji, wasanni, sai kuma halayyarsa. A wannan na ƙarshe gizo ke saƙar, domin ba jarrabawa ake zaunawa ba. Ma'aikaci ne zai karanta abin da ɗalibin ya rubuta game da kansa da wasiƙun malamansa, ya yanke ko yana da kirki ko ƙarfin hali. Masu ƙarar sun ce a nan ake danne 'yan asalin Asiya.

Ranar 29 ga Yunin 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, kodayake alƙalin alƙalai John Roberts ya bar ƙofa ɗaya a buɗe: ɗalibi na iya bayyana yadda wariya ta shafi rayuwarsa. Tasirin hukuncin bai ɗauki lokaci ba. A jami'ar MIT, baƙaƙen fata kashi 5 cikin 100 ne kacal na sababbin ɗaliban 2024, alhali a shekarun baya sun kai kusan kashi 13.

Abin da kotun ba ta taɓa ba shi ne fifikon da ake ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na attajirai masu ba jami'a kuɗi, wanda a ganina ya fi wuyar karewa. Jihar Kalifoniya ta yi dokar hana shi a 2024.

Jarrabawar SAT da aka sassauta lokacin korona ma ta dawo: MIT ta sake wajabta ta a 2022, Dartmouth da Harvard suka bi sahu a 2024. Hujjarsu ita ce, in babu wannan makin, haziƙin ɗan talaka daga makarantar da ba a sani ba ba shi da abin da zai nuna kansa da shi.